Kunnuwa Biyar a Gidan Gwani Kolo

Fanna Abba Kolo, wadda unguwa ke kira Ya Fanna, an haife ta ne a wani gidan ƙasa cikin lungunan Ƙofar Na'isa, shekara sittin da bakwai da suka wuce. Burinta a duniya bai da yawa. Tana so a ɗauki gawarta daga ɗakin da aka yanke mata cibiya, kuma ta sha faɗin haka a gaban kowa, da irin muryar da take faɗin kuɗin kaya.

Kakanta Gwani Kolo ne ya gina gidan. Daga Barno ya zo da jaki ɗaya da alluna, ya zauna yana koyar da karatu har ya mutu, ɗansa Abba ya gaje shi. A kusurwar tsakar gidan ta gabas akwai wani wuri da aka kewaye da duwatsu, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Nan ake wanke alluna idan an haddace abin da aka rubuta, ruwan tawada ya nutse a ƙasa. Ba a taka wurin, ba a zuba masa ruwan wanke-wanke, ba a ɗaure akuya kusa da shi. Yaron da ya sa ƙafa a ciki yakan sha duka tun kafin a gaya masa dalili. Makarantar ta watse shekara talatin ke nan, tun rasuwar Malam Abba, amma har kajin gidan sun san su kewaye.

Fanna ta yi firamare har aji shida, abin da ya ishe ta karanta lamba da rubuta sunanta. An kai ta Gwale gidan Isyaku mai wankin hula, ta yi shekara talatin da ɗaya tana shaƙar warin sitaci. Ta haifi huɗu, biyu suka rayu. Da Isyaku ya rasu ta gama takaba ranar Talata, ranar Laraba ta ɗaure kwanukanta ta dawo gidan ubanta. Sana'arta turaren wuta da humra, yadda kakarta ta koya mata. Ba ta yi wa mai saye dariya, ba ta ragi, kuma ba a taɓa dawo mata da kaya ba. Saboda wannan sana'a babu gidan da ba ta shiga a unguwar. Ta san inda kowace mace ke ajiye turminta, ta san rariyar kowane gida.

Matsalarta ƙaninta ne, Mustapha. Shi ya yi gininsa na bulo a bayan gari, ya bar ɗansa da matar ɗan, Jamila, a sashen gaba na tsohon gidan. Kullum damina ta zo sai ya zo ya tsaya yana kallon katanga yana girgiza kai.

"Ya Fanna, gidan nan yaɓe yake ci kamar rami. A sayar kowa ya ɗauki rabonsa."

"Ka ɗauki naka. Ga zaure nan, ciccibi ka tafi da shi."

Sauran magada mata biyu ne, suna gidajen mazansu, duk abin da Mustapha ya ce shi ne. Yana da ikon kai maganar gaban alƙali a raba, kunyar maka yayarsa a kotu ce kawai ta hana shi. Kuma dai babu mai sayen kirki, don mota ba ta shiga lungun.

Sai mai saye ya samu. A ƙarshen unguwar akwai wani fili da ƙananan masana'antu suka tsiro a kai: masu narka roba, masu ruwan leda, masu ƙanƙara. Wani Alhaji Abdulbaqi ya sayi rabin filin zai kafa injin gyaran shinkafa, da dogayen rumbunan ƙarfe da babban tankin gas. Yana bukatar hanyar da manyan motoci za su shiga su juya, hanyar kuma ta bi ta kan gidaje bakwai. Gidan Gwani Kolo ne na huɗu. Mustapha ya zo da sabuwar hula ya gaya wa yayarsa cewa wannan karon kunya ta ƙare, da an yi kaka za a sa hannu, ko da ita ko da alƙali.

Abu ɗaya ya rage. Mutanen da za su kawo wa Alhaji injinan daga waje sun ce ba za su ɗora rumbu da tankin gas a ƙasar da ba a duba cikinta ba. Sun ji labarin ƙasa ta taɓa motsawa a Abuja, su kuwa a taswirarsu Abuja da Kano tazarar ɗan yatsa ce. Aka ɗauko wani malamin jami'a, Dakta Mikail, siriri mai gilashi, wanda aikinsa ɗaukar hoton ƙarƙashin ƙasa.

Ya yi wa mutane bayani a ƙofar gidan mai unguwa. Yana da wasu ƙusoshi guda arba'in da takwas, kowace da kai kamar gwangwanin tumatir, duk a jere jikin doguwar waya. Ana kafa su a ƙasa a layi ɗaya miƙaƙƙe. Sai a ajiye farantin ƙarfe a doka masa guduma. Ƙarar takan shiga ƙasa ta taɓa dutsen da ke can ƙasa ta dawo, ƙusoshin su ji, kwamfuta ta lissafa wadda ta fara ji da wadda ta ji daga baya, ta zana hoton dutsen. Idan dutsen a shimfiɗe yake lafiya, hoton zai nuna. Idan ya tsage, ɓangare ɗaya ya zame ƙasa, shi ma zai nuna. Kafin la'asar unguwa ta sa wa ƙusoshin suna kunnuwa.

Layukan da suka bi ta cikin fili ba su ba da wahala ba. Layi na ƙarshe ne ya zama dole ya ratsa gidajen nan bakwai, kuma babu lungu ɗaya a Ƙofar Na'isa da ya miƙe taku ashirin bai karkace ba. Dakta ya ce to a bi ta cikin gidajen. Mai unguwa ya dube shi ya dubi ma'aikatansa, ƙarti shida, ya ce gidajen matan aure ne, ba shiga. Can mai unguwa ya ce a kira Ya Fanna.

Ta karɓi aikin. Ba don tana son injin shinkafa ba. Ta ce tunda dai za a saurari ƙasar gidan ubanta, gara ta ga abin da ake yi da idonta.

Dakta ya koya mata a waje. Za a jefa igiya ta kan katangu a ja ta ta miƙe, an ƙulla ta duk bayan mita biyu. Wayar kuma za a zura ta ta rariya daga gida zuwa gida. Ita aikinta ta kafa kunne a ƙarƙashin kowane ƙulli, ta taka shi da diddige ya zauna daram, ta maƙala shi a waya bisa lambarsa.

"Baba, kin gane?"

"Ɗan nan, na yi shekara arba'in ina auna turare da murfin kwalba. Ƙusa ce ba zan iya kafawa ba?"

Abin da ya fi kafa ƙusa wuya shi ne shiru. Kunnuwan suna jin komai. Idan mace ta yi daka a gida na biyu, sai kwamfuta ta zana tsauni. Saboda haka kafin kowane bugu Ya Fanna takan bi gidajen tana tsayar da duniya: a ajiye taɓarya, a kashe injin markaɗe, a riƙe akuya, mai tafiya ya tsaya inda yake. Matan da mazansu suka kasa sa su yin shiru shekara ashirin suka tsaya cak da ludayi a hannu. Mai gudumar wani Sule ne, dattijo, tsohon mai bugun shadda, wanda Dakta ya ɗauka saboda bugunsa na ɗari daidai yake da na farko. Yakan ce "Bismillah," ya sauke, kwanuka su yi ɗan kuka a kan kantar ɗaki, shi ke nan.

A gida na uku akwai Hajo, Bafulatana, ƙawar Fanna tun suna tallan gyaɗa, gwiwoyinta sun daina aiki sai bakinta.

"Babarbariya, yau kuma aikin gwamnati aka samu? Me kike shukawa a tsakar gidana?"

"Kunne. Na ga naki ya daɗe da mutuwa."

"Ki gaya wa mai gilashin in ya ji kakannina a ƙasa ya gaishe su. Naki ba sai ya wahala ba, suna can suna yi mana bauta."

"Ki yi shiru za a buga."

"Ni da gidana?"

"Ke da gidanki."

Daga nan sai gidan Gwani Kolo, kunne na goma sha bakwai zuwa na ashirin da ɗaya. Fanna ta ɗaga kai ta bi igiyar da ido, sai ta ga ta ratsa daidai ta saman wurin wankin allo. Ba ta tsaya tunani ba. Mutum ba ya tunani kafin ya kewaye rijiya. Ba za ta shiga wurin da takalmi ba, ba za ta soka masa ƙarfe ba, balle ta taka da diddige. Ta ja wayar gefe, da yake tana da sauran tsawo. Gefen kuwa madafa ce, don haka ta ƙara matsawa, har ta kai bayan madafa inda ƙasa ke da laushi. Ta kafa kunnuwa biyar a jere, tsaf, kowane da lambarsa. Sun shiga ƙasa ba gardama, har ta ji daɗin aikin. Ta fito ta ce an gama.

Dakta ya tambaye ta ko komai ya tafi daidai, ta ce daidai. Ba ƙarya ta yi ba. A saninta, wanda ya ce a bi layi ya san ba a nufin a bi ta kan wurin wankin allo, kamar yadda wanda ya aike ka kasuwa bai ce ka bi ta cikin sahun masu salla ba.

Bayan mako biyu Dakta ya dawo da kwamfutarsa ƙofar gidan mai unguwa. Alhaji Abdulbaqi ya zo, Mustapha ya zo, masu gidajen suka zo. Ya Fanna ta zauna daga gefe a kan turmi, tunda ma'aikaciya ce. Hoton launi-launi ne kamar zanen atamfa. Dakta ya nuna wani jan layi da ya taho a miƙe, ya ce wannan shi ne saman dutse. Ya taho lafiya ta ƙarƙashin fili, ta ƙarƙashin gida na ɗaya, na biyu, na uku. A gida na huɗu sai ya faɗa ƙasa kamar matakala, ya ɗan yi tafiya, ya sake hawa.

Dakta mutum ne mai taka-tsantsan. Ya ce wannan alama ce kawai. Mai yiwuwa tsaga ce a dutsen, mai yiwuwa wani abu ne daban. Ko da tsaga ce, yawancin irinta sun mutu tun kafin a halicci mutane, ba sa motsi. Ya ce dole a sake ja layi biyu ko uku kafin ya rubuta wani abu tabbatacce. Ya faɗi haka sau uku. Abin da unguwa ta ji shi ne ƙasa ta tsage a ƙarƙashin gidan Gwani.

Alhaji Abdulbaqi ya kaɗe rigarsa. Ya ce mutanensa na waje da sun ga wannan matakala ba za su saurari "mai yiwuwa" ba, shi kuma ba zai sake kashe kuɗi a kan filin da aka riga aka yi wa tabo ba. Yana da wani filin a hanyar Zariya. Ya shiga mota. Mustapha ya tsaya da hularsa a hannu kamar wanda aka sace wa takalmi a masallaci.

Ya Fanna ta koma gida ta dafa shayi da rana tsaka, abin da ba ta saba ba. Gida ya tsira. Babu mai sayensa yanzu ko da kuɗin akuya ne. Ta yi wa Allah godiya da ya tsaga dutse saboda ita, ta kuma ga cewa bai yi yawa ba, in aka duba karatun da aka yi a gidan.

Kwana uku tana cikin wannan daɗi. A rana ta huɗu tana tankaɗe garin sandal sai lambobin suka dawo mata. Dakta ya ce matakalar ta fara daga sha bakwai ta ƙare a ashirin da ɗaya. Ta ajiye rariyar tankaɗe ta zagaya bayan madafa ta tsaya. Ramukan ƙusoshin biyar suna nan. Ta tuna abin da ya sa ƙasar wurin ke da laushi. Nan ne ramin da kakanta ya haƙi ƙasar ginin gidan, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu, kuma tun daga kakarta har Jamila, duk macen da ta yi girki a gidan nan take juye toka.

Ba ta san lissafin kwamfuta ba. Amma ta san idan ka doka ƙafa a kan daɓe ana ji a ɗaki na gaba, idan ka doka a kan toka ba a ji. Ta koma ta ci gaba da tankaɗe. Ta yanke shawarar cewa ba a tambaye ta ba.

Unguwa kuwa ta shiga wani hali. Jamila ta kwashe 'ya'yanta ta tafi gidansu "ganin gida" da akwati uku. Masu haya a gida na biyar suka tashi. Wani ya ce ya ji ƙasa tana nishi da azahar, aka bincika aka ga injin ƙanƙara ne, amma labarin nishin ya fi na injin tafiya. Tsagar da ke jikin kowace katangar ƙasa tun zamanin Turawa ta zama abin zuwa kallo. Mata suka daina daka a gidajen bakwai, wai kada a tayar da abin da ke kwance, suna kai hatsi unguwar gaba.

Ranar Juma'a da hantsi ta shiga wurin Hajo kai mata turare. Ta tarar da gadon ƙarfenta a tsakar gida, a rana, an kafa masa zani da sanda. Hajo na kwance a kai, ga ƙullin kaya biyu a gefe.

"Bafulatana, an koma ruga ne?"

"Kwana shida ke nan ban shiga ɗaki ba. In ta motsa, ke kya gudu. Ni da wace ƙafar?"

"Ba abin da zai motsa."

"Ke kika halicce ta? Ɗana zai zo jibi ya kai ni wurinsa Kaduna. Bene hawa biyu. Ya ce akwai taga, zan riƙa ganin titi." Ta gyara zanin da ke kare mata rana. "Shekara hamsin da huɗu a gidan nan. Na ɗauka daga nan za ku ɗauke ni, ki zo ki yi kukan munafunci."

"Ba zan yi kuka ba."

"Na sani. Ajiye turaren, can ma sa ji ƙamshi."

Ya Fanna ta ajiye. Ta koma gida ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon duwatsun wurin wankin allo. Ta auna abin ta kowane gefe, yadda take auna kaya. In ta yi shiru, ɗakinta nata ne har mutuwa. In ta yi magana, Alhaji zai dawo, Mustapha zai sa sabuwar hula. Ko ta yi magana ma Hajo ba lalle ta zauna ba, tunda gidanta na cikin bakwai ɗin, sai dai ita gidan nata ne ita kaɗai, ba mai sayar mata da shi sai ta yarda. Ta nemi hanyar da za ta gaya wa Hajo ita kaɗai, ta ga gaya wa Hajo daidai yake da gaya wa gidan rediyo. Abin da ya fi damunta shi ne wurin da ta kewaye don girmama karatu shi ne zai zama silar ƙaryar da za ta zauna a kai. Ta ji haushin kakanta da ya rasa inda zai wanke allo sai a kan layin Dakta.

Bayan an sauko daga masallaci ta sa mayafi ta je ta karɓi lambar Dakta wurin mai unguwa.

Ya zo washegari. Ta sa aka yi masa iso, tunda Jamila ba ta nan, ba sauran matar aure a gidan. Ta nuna masa inda igiya ta bi, ta nuna masa inda ta kafa. Ya tsuguna ya tura yatsa a ramin ƙusa, yatsan ya fito fari fat.

"Baba, wannan toka ce."

"Ta shekara tamanin."

"Zurfinta fa?"

"Kai biyu, in an ɗora wani a kanka."

Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "Me ya sa ba ki gaya mini kin kauce ba?"

"Ka tambaye ni ko komai daidai. Daidai ne. Kai a gidanku ana taka wurin wankin allo?"

Dakta ya dubi duwatsun. Ya ce a gidansu a Fagge ma akwai irinsa, kakarsa ta taɓa zane shi a kai. Ya ce laifinsa ne da bai tambaya ba, kuma shi ya kamata ya yi zargin haka tun da ya ga matakalar ta tsaya a gida ɗaya. Ƙara takan yi jinkiri a cikin toka, kwamfuta kuma ba ta san toka ba, sai ta ɗauka dutsen ne ya yi nisa.

"Baba, kin san abin da zai biyo baya in hoton ya gyaru?"

"Na fi ka sani. Kawo igiyarka."

Bai nemi kuɗin kowa ba, sunansa ne a kan takardar. Aka matsar da layin taku shida yamma, yadda zai kauce wa wurin wankin allo da ramin toka gaba ɗaya, aka ƙara wani layin a kan lungu. Ya Fanna ta sake bin gidaje tana tsayar da taɓarya, duk da ba mai daka. Sule ya yi bismillah ya sauke guduma. Wannan karon duk gidan da ta fito sai Dakta ya tambaye ta, "Kin kauce wa wani abu?" A gida na shida ta ce ta kauce wa kaza mai kwanci da tafin hannu ɗaya, ya rubuta.

Jan layin ya fito a miƙe tun daga fili har ƙarshen gidaje, ba matakala ko ɗaya. Dakta ya tsaya a ƙofar gidan mai unguwa ya ce dutsen da ke ƙarƙashinsu lafiyayye ne, hoton farko kuskuren aiki ne, kuma kuskuren nasa ne. Ya Fanna daga kan turminta ta ce ba nasa ba ne, nata ne, ta faɗi yadda aka yi. Wani dattijo ya ce to ai ba ta yi laifi ba, wa zai taka wurin? Kowa ya yarda da haka. Aka tashi ba a san wanda za a zaga ba.

Mustapha ya biyo ta har zaure.

"Ya Fanna, ashe da kin yi shiru..."

"Da na yi."

"To me ya sa?"

"Hajo ba ta iya hawa bene."

Alhaji Abdulbaqi ya dawo kafin wata ya ƙare, don filin hanyar Zariya ya zo da rigimar magada. Gidaje shida suka sayar. Hajo ta ƙi, ta ce wanda ya tabbatar mata ƙasarta lafiya take ba zai kuma ce ta tashi ba. Aka lanƙwasa hanyar motocin ta kewaye ta. Gidan Gwani Kolo ba a je gaban alƙali ba. Da kaka ta yi Mustapha ya kawo takarda, Ya Fanna ta karanta lambobin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ta rubuta sunanta da hannunta, ta ƙi dangwala yatsa.

Sharaɗi ɗaya ta kafa, kuma ba ta nemi izini ba. Kwana biyu kafin a kawo motar rusau ta ɗauko Sule da shebur. Ya yi alwala ya cire takalmi, suka kwashe ƙasar wurin wankin allo har inda baƙin tawada ya ƙare, kamu uku. Buhu goma sha ɗaya ta cika. Aka kai gidan 'yarta Rahma a Ɗan Agundi, inda aka ba ta ɗaki mai tayil da fanka. Mijin Rahma ya tambaya a ina za a zuba, tunda duk tsakar gidan siminti ne. Ta nuna masa kusurwar gabas ta ce a fasa.

Tana nan a Ɗan Agundi yanzu. Ba ta son ɗakin, kuma ta gaya wa Rahma. Ta ce tayil sanyi, fanka surutu. Har yanzu tana haɗa turare, kuma duk lokacin da Dakta Mikail ya sami aiki a cikin gari inda ba shiga, yakan aiko mota a ɗauke ta. Ta yi aiki a unguwa biyar. A takardar da ma'aikatansa ke cikewa yanzu akwai layin da aka rubuta abin da aka kauce wa da taku nawa.

Ranar Juma'a takan hau adaidaita ta je wurin Hajo. Gidan yana tsaye shi kaɗai a bakin hanyar manyan motoci, duk wadda ta wuce sai kwanuka sun yi kuka a kan kantar ɗaki. Gadon ya koma ɗaki. Daga ƙofar Hajo ana hango inda ɗakin Fanna yake a da, yanzu nan direbobi ke juya mota su yi baya.

"Babarbariya, ga ɗakinki can an faka masa tirela."

"Na gani."

"Ƙasar nan kullum rawa take yanzu. Ki kira mai gilashin ya auna."

"Ya auna. Dutse ne."

"To zauna. Kin zo da turaren?"

Takan zauna ta kwance ƙullin, ta faɗi kuɗinsa. Ba ta ragi.